Durƙuson Lawwali a Filin Rabah

Ni na haɗa wa Lawwali ƙarfensa na farko, da tsohon aksul na mota da gangunan birki biyu da na tsinto bayan shagona na walda a Wurno. Lodin albasa yake yi a kasuwa, buhun da ƙarti biyu ke nishi a kai shi kaɗai yake saɓawa. Amma abin da ya shiga ransa wani ɗan ƙasar Rasha ne mai ɗaga ƙarfe, wanda yake kallo a waya har caji ya ƙare. Ya san ƙauyen da mutumin ya tashi, ya san lokacin da gwiwarsa ta goce, da yadda ya dawo ya sake kayar da kowa bayan an gama yi masa dariya. Ya ishe mu da labarin har muka sa masa Ɗan Rasha, ya kuwa amsa.

Da aka ce za a yi gasa a Rabah tsakanin samarin Wurno da Rabah da Goronyo, wanda ya ci a tafi da shi Sakkwato ya shiga 'yan wasan jiha, Lawwali ya daina barci. Wannan ce ƙofar da yake nema ya bar dakon buhu. Har ya sa aka kawo masa jar riga irin ta gwanin nasa, mai haɗe da guntun wando, ta kama shi kamar fatar ganga. Ni kaina da na gani sai da na kau da kai.

Dokar ba wuya: ka fizgo ƙarfen, ka tsuguna da shi a kafaɗa, ka miƙe, ka tura shi sama da kai. Sau uku ake ba mutum dama. Mujaheed na Goronyo ya ɗaga nasa, ana ta shewa. Lawwali ya ce a ƙara nauyi.

Ya fizga, ya tsuguna, tsaf kamar a waya. Yana ɗaga ido sai ga Malam Iliyasu a bencin gaba, mahaifin matarsa Husainatu. Ashe tsohon ya ji labari, ya hau bayan babur tun daga Shinaka, hanyar da mutane ke gudu a 'yan shekarun nan saboda 'yan bindiga. Lawwali kuwa tun da ya yi aure bai taɓa tsayawa ƙiƙam gaban surukinsa ba, daga nesa yake tuɓe takalmi. Yau ga shi cinya a waje.

Maimakon ya miƙe, sai na ji ya ce, da ƙarfen a wuya, “Baba, ina wuni?”

“Lahiya lau,” in ji tsohon. “Ina gajiya? Ya mutanen gida?”

Fili ya ɗauki dariya. Ƙarfen ya zame ya faɗi tim. Wani ɗan Goronyo ya yi ihu, “Ku ba shi tabarma, gaisuwa ta kawo shi!” Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, don kowa ya san tare muka zo.

Na ja shi gefe raina a ɓace. “Mi ka damunka? Ka tashi mana!”

“Kamilu, ƙaƙa zan miƙe bisa kainai haka tsirara?” Idonsa ya yi ja.

A karo na biyu ya nemi ya juya baya, alƙalin wasa ya ce sam, gaba ake fuskanta. Ya kama ƙarfen, kansa a sunkuye, ko gwiwa bai kai da shi ba. Wannan karon ba a yi dariya sosai ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Sai Malam Iliyasu ya dogara sanda ya tashi, ya yafito ni. “Yaro, ina masallaci nan kusa?” Ga shi an daɗe da yin azahar, la'asar da saura. Bai ma jira amsa ba, ya bi ta bayan azuzuwan makarantar da ke bakin filin ya ɓace.

Lawwali ya dubi bencin, ya ja numfashi, ya fizga, ya tsuguna, ya miƙe, ya tura ƙarfen sama har hannuwansa suka tsaya cak. Filin ya kaure. Shi ya ci.

Bai tsaya karɓar hannu ba. Ya zura doguwar rigarsa, muka zaga. Muka sami tsohon zaune a kan dutse shi kaɗai, yana kallon bango. Lawwali ya tuɓe takalmi ya durƙusa.

Ni tsohon ya tambaya. “Ya ɗaga?”

“Ya ɗaga, Baba.”

“Har bisa kai?”

“Har bisa kai.”

Ya gyaɗa kai yana murmushi. “Na hwaɗa ma mutanen Shinaka zan ganam musu. Gwada min yadda yay yi, ɗana, in samu abin ce musu.”

Na tsuguna, na miƙe, na ɗaga hannuwana sama ba komai a cikinsu. Tsohon ya ce in sake, bai gani da kyau ba. Lawwali na durƙushe a gefe, hawaye na ɗiga a kan rigarsa.