Lallen Bikin Zahra

Tun ranar da sunanta ya fito cikin waɗanda za su zauna jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, Zakiyya ta daina zama mutum a gidansu na unguwar Gwallaga. In ka same ta tana tuƙa tuwo, bakinta na motsi, tana haddace sunayen ma'aikatu da shekarun da aka ƙirƙiro jihohi. In ta shiga keke, takarda ce a cinyarta. Inna ta yi faɗa har ta gaji, ta koma yi mata addu'a.

Ba a ga laifinta ba. Shekara talatin da biyar ce iyakar da aka sa, ita kuwa 'yan watanni suka rage ta haura. Da can mutum kan je kotu ya yi rantsuwa, ya zubar da shekara biyu ko uku a bakin ƙofa ya fito yaro, amma yanzu an ɗaure komai da lambar katin ɗan ƙasa, wannan dabara ta daina ci. Tun da ta gama bautar ƙasa take neman aiki, ko kiranta ba a taɓa yi ba. Tana nan tana koyar da 'yan aji uku a wata makarantar kuɗi, inda mai makarantar ke kallon malamai kamar 'yan aikin gidansa. Wannan ne kira na farko, kuma shi ne na ƙarshe, kowa a gidan ya san haka.

Da yake a kwamfuta za a yi jarrabawar, kullum in an tashi daga makaranta sai ta nufi Yelwa, wani shago da ɗalibai ke hayar kwamfuta. Can suke haɗuwa da Roda, 'yar Bogoro, ƙawarta tun jami'a, wadda ita ma sunanta ya fito. Su zauna kan benci ɗaya suna amsa tambayoyin baya, wannan ta kuskure waccan ta yi mata tsiya. Zakiyya ta fi ƙarfi a lissafi, Roda kuma ta fi saurin hannu, ga shi ba abin da ake faɗa a gari da ba ya biyowa ta kunnenta.

Ita Rodar ce ta kawo zancen lalle. Ta ce ba a shiga ɗakin jarrabawa sai mutum ya dangwala yatsa a na'ura ta gane shi, kuma ta ji an ce bara an koro mata da yawa a wata jarrabawar saboda ƙunshi. Ba ita ta gani ba, wata ce ta gaya wa wata. Amma ta riƙe hannun Zakiyya ta roƙe ta, don Allah kada ta kuskura ta sa lalle a bikin nan.

Don kuwa akwai biki a gaba. Fatimatuzzahra, autar gidan, wadda kowa ke kira Zahra, za ta auri Hafizu mai gyaran waya a kasuwar Wunti, an daɗe da sa rana. Ranar jarrabawa ce ta zo daga baya ta zauna 'yan kwanaki bayan ɗaurin aure. Zakiyya ce ta goyi Zahra, ita ta koya mata baƙi, ita ta yi ta zarya kasuwa wajen kayan ɗaki har ƙafarta ta kumbura. Wallahi ba wanda ya kai ta murna da auren nan. Amma ita ce babba, kuma ba ta yi aure ba, mutane kuwa ba sa manta irin wannan.

Ranar ƙunshi tsakar gida ta cika da mata, ana ta shewa, mai ƙunshi ta baje kwanonta tana bin hannuwa ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Zakiyya sai ta ce a tsallake ta, ta yi bayanin na'ura da yatsa a hankali, yadda take yi wa 'yan ajinta. Wasu suka gyaɗa kai. Sai Gwaggo, ƙanwar marigayi babansu, ta ajiye goron da take ɓarawa. Matar nan ba ta iya magana ƙasa-ƙasa ba, ko gaisuwa take yi sai maƙwabta sun amsa. Ta ce ita dai tun da uwarta ta haife ta ba ta taɓa jin injin da ke tsoron lalle ba.

"A dai faɗi gaskiya," in ji ta. "Ƙanwa ta riga yaya, dole abin ya yi ciwo. Amma ba a nuna shi a gaban mutane."

Inna ta sunkuyar da kai, don ba ta taɓa iya tanka wa dangin mijinta ba, ko da yana raye. Zakiyya ta ji kunnuwanta sun ɗauki zafi, ranta ya ɓaci ƙwarai, amma da iyakar abin ke nan da ta shanye, ba yau ta fara shanye maganar Gwaggo ba. Sai ta ɗaga ido ta ga Zahra na kallonta daga kan tabarma, hannu da ƙafa duk a ɗaure cikin leda, idonta ya kawo ruwa.

"Yaya, da gaske ne abin da suke faɗa?"

Kai, wannan tambaya ita ta gama da ita. Ta naɗe hannun riga ta zauna gaban mai ƙunshi. Matar, da yake ta ji tausayinta, ta raɗa mata cewa za ta iya barin manyan yatsun, ba mai lura. Gwaggo ta ji, ta ce ai lallen rabi-da-rabi ya fi rashinsa tona asiri. Zakiyya ba ta ko dube ta ba, ta ce wa mai ƙunshi ta sa duka, har kan farce. Aka yi guɗa, Zahra ta yi dariya da hawaye a fuska.

Lalle kuwa ya kama, ya yi jajir har yana neman baƙi. Aka sha biki, Zakiyya ta yi rawa, ta raba masa da miya, ta raka amarya har ɗakinta. Duk wanda ya ga hannunta sai ya yaba. Sai da gida ya watse, aka mayar da kujerun haya, sannan tsoro ya sauko mata gaba ɗaya.

Ta fara da lemon tsami. Bai yi komai ba. Ta koma toka da ruwan zafi, ta zauna bakin rariya tana dirza, lallen ya ɗan dusashe ya tsaya. Wata maƙwabciya ta ce ruwan bilic na wanke farin kaya yana fitar da shi, ta samo ta jiƙa yatsunta a ciki har suka yi fari suka tattare. Daga nan ta ɗauko dutsen goge kaushi. Safe da yamma take yi, tana dirza tana bitar tambayoyi a ka, in zafi ya ishe ta ta cije leɓe ta ci gaba. Kuma ba manyan yatsun kawai ba, duka goman ta bi, don ba ta san wanda za a nema ba. Inna ta ce ta bari haka nan, hannun nan fa nama ne. Ta ce Inna ba za ta gane ba.

Abin da ke ba ni haushi a labarin nan shi ne, ga masu rajistar layin waya nan birjik a bakin titi, kowanne da 'yar na'urarsa ta dangwale. Da ta tsaya wurin ɗaya ta ce ya gwada yatsanta, da ta san matsayinta tun lallen yana sabo. Ba ta yi ba. Kunya ta hana ta. Ko Yelwa ta daina zuwa don kada Roda ta ga hannun ta ce ai na gaya miki, sai ta ce mata gajiyar biki ce. In za ta fita, hannuwan na cikin hijabi.

Ranar jarrabawa ta yi sammako. Layi ya riga ya miƙe a ƙofar cibiyar, maza gefe mata gefe, kowa fuska a ɗaure. Can ta haɗu da Roda, wadda ta kalli yatsun ta kau da kai. Lallen dai ya fita daga fatar yatsun, ba ko ɗigo. Kan yatsun sun yi sumul suna sheƙi, jajaye kamar na wanda ya ƙone da ruwan zafi.

Da layi ya zo kanta, ma'aikacin da ke zaune gaban na'urar ya ce ta ɗora babban yatsa. Ta ɗora, zafi ya ratsa ta har kafaɗa. Na'ura ta ƙi. Ya goge gilashin, ta sake, ta ƙi. Ya ce ta shafa yatsan a goshinta ya ɗan samu maiƙo, ta shafa. Suka bi na hagu, suka bi manuniya, suka bi sauran ɗaya bayan ɗaya, mutanen baya sun fara tsaki. Mutumin ba mugu ba ne. Ya juyo mata da fuskar kwamfutar ta gani da idonta: inda ya kamata zanen yatsa ya fito, wani farin dunƙule ne kawai, ba layi ko ɗaya.

"Hajiya, me kika yi wa hannunki?"

Ta ce lalle ta cire. Ya dube ta, ya girgiza kai, ya ce ta koma gefe tukuna.

Tana tsaye a gefen, wata yarinya ta matso, da ganinta amarya ce, lalle ja har wuyan hannu, kan yatsun nan kamar an tsoma su a manja. Zakiyya har ta ji tausayinta. Yarinyar ta ɗora yatsa sau ɗaya, na'ura ta yi ƙara, hotonta ya fito, aka ce ta wuce. Bayanta wata ma mai lalle ta zo, sai da ta gwada sau biyu, ita ma ta wuce.

Zakiyya ta koma wurin ma'aikacin ta tambaye shi yadda aka yi. Ya ce lalle yakan ba da wahala wani lokaci, musamman in ya yi kauri, amma launi ne kawai, zanen yana nan a ƙarƙashi. Nata kuwa fatar ce ta tafi. Za ta dawo, in ji shi, nan da 'yan makonni. Ta roƙe shi ya duba katinta, ya duba fuskarta, ga hotonta nan, ita ce. Ya kira na gaba da shi, shi ma ya zo ya gwada, ya ce ba su da ikon shigar da wanda na'ura ba ta gane ba, kuma ba a sa wata rana ba. Ya ba ta haƙuri har sau biyu.

Roda ta wuce lafiya. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kuka, ta ce ba za ta shiga ba, sai da Zakiyya ta daka mata tsawa, ta karɓi jakarta da wayarta, tunda ba a shiga da su. Aka rufe ƙofa. Ta samu gindin wata darbejiya ta zauna cikin masu rakiya da masu sayar da ruwa, jaka biyu a cinyarta. Ba ta yi kuka ba, baƙin cikin ya fi ƙarfin kuka. Ta san amsar duk abin da ake tambaya a cikin ɗakin nan, tana jin ƙarar janareta, tana zaune a waje.

Rana ta ɗaga sosai lokacin da wayarta ta yi ƙara. Zahra ce. Da ƙyar ta iya danna wayar saboda zafin yatsa. Zahra ta ce ta kira ne ta ji ko a kashe take, don in a kashe take ta san an shiga. Sai ta gane.

"Yaya, lallen ne ko? Ni na ja miki."

Zakiyya ta so ta ce eh. Wallahi ta so, ko don ta samu wanda za ta ɗora wa, ko Gwaggo, ko Zahra, ko duk matan da suka yi guɗa.

"Ba lallenki ba ne, Zahra," ta ce. "Masu lalle suna ciki suna rubutawa. Ni na kankare hannuna da kaina."