Kujerar Dama a Jirgin Norbert

"Sake faɗa in ji," in ji Arlen.

"Ka ji ni sarai," in ji Norbert. "Na riga na faɗa. Wendell zan ɗauka yau. Kai ranar Talata, a filin jirgin cikin gari, inda akwai kwalta."

"Talata. Daga ni sai kai sai mai yankan ciyawa."

Norbert bai ɗago ba. Goge gilashin jirgin yake da tsohuwar singileti, gilashin da babu ko ɗigon datti a jikinsa.

Ƙaramin jirgi ne mai kujera biyu. A garejin Norbert aka haɗa shi, shekara shida. Ƙusa dubu goma sha huɗu ke riƙe da shi, kuma kowace ƙusa sai da mutum biyu: ɗaya a waje da bindigar iska, ɗaya ya cusa hannu ciki ya tokare da dunƙulen ƙarfe. Arlen ne na cikin. Can ya baro rabin jin kunnensa na hagu. Nasa jirgin kuwa yana rumbun gonarsa ba fukafukai, kaji na ƙwai a ciki.

Doka ta ce mai sabon jirgin gida sai ya yi awa arba'in a sama shi kaɗai kafin ya ɗauki wani. Jiya Norbert ya cika. A wannan filin jirgi mai ciyawa na jihar Iowa kuwa kowa ya san al'ada: wanda ya riƙe maka ƙarfe, shi ke fara hawa kujerar dama, ta fasinja, ranar Asabar, lokacin karin kumallo, a gaban jama'a.

"Wendell ma ya riƙe ƙarfen," in ji Norbert.

"Ƙusa ɗari huɗu! Sati bakwai da ciwon baya ya kwantar da ni. Shi ke nan ya zama ɗan gida?"

"Ba maganar ƙusa ba ce, mutumina."

"To ta mece ce?"

Sai yanzu Norbert ya dube shi. Bai dubi fuskarsa ba. Tumbinsa ya duba.

A bakin rumfa, tsoho Orval mai filin yana juya fanke a kan faffaɗan kasko. Matuƙa wajen ashirin sun sauka tun sassafe, suna zaune da kofi da tsiran alade, kowa ya yi kamar ba ya ji. Wendell na cikinsu. Likitan haƙori ne da ya yi ritaya, ya dawo garin shekara biyu da suka wuce. Siriri kamar sillen kara. Ga fara'a. Ba wanda ya taɓa jin ya faɗi baƙar magana, kuma wannan ne ya fi ci wa Arlen rai. Da mugu ne, da abin ya zo da sauƙi.

"An yi ruwa jiya," in ji Norbert a hankali. "Ciyawa a jiƙe take, iska ba ta motsi, filin gajere ne. Na yi lissafi. Fasinja kada ya wuce laba ɗari biyu da talatin."

"Ɗari biyu da talatin da biyar nake."

"A wace shekara?" Orval ya jefo daga bakin kasko. Dariya ta ɓarke.

Arlen bai yi dariya ba. Ya wuce ƙuryar rumfa, ya jawo sikelin da ake auna ƙafafun jirgi da shi, ya dire shi a tsakiyar mutane, ya hau. Orval ya leƙo da cokali a hannu.

"Ɗari biyu da hamsin da shida. Fanke nawa ka ci, ɗan'uwa?"

Arlen ya cire takalman aikinsa. Ya cire jaket. Ya zubar da makullai, wuƙa, filaya, walat, har da agogo. Wani ya ce ya cire haƙoran roba, wani ya ce a aske masa gira. Da ya kai hannu kan bel ɗin wandonsa sai Bernice, matar Norbert, ta ce, "Arlen, don Allah, muna cin abinci."

"Ɗari biyu da arba'in da takwas," in ji Orval.

Arlen ya tsaya a kan sikelin da safa, babban yatsansa ya leƙo ta huda. Dariyar ta mutu da kanta.

Wendell ne ya yi gyaran murya. "Sha takwas ne ya hau. Galan ɗaya na mai laba shida ne. In an rage galan uku, lissafi ya fita. Kujerarsa ce, Norb. Ni ban taɓa cewa tawa ba ce."

Arlen ya sauko daga sikelin. Wato sadaka aka ba shi. Kujerar da ya yi wa bauta shekara shida, baƙon jiya ne zai miƙo masa ita da murmushi, a kuma yaba wa baƙon. Ya ga yadda Bernice ta dubi Wendell. Ya ga yadda Orval ya gyaɗa kai.

"A takarda ya fita," in ji Norbert. "A kan bakin iyaka. Ban taɓa ɗaga shi da wannan nauyin ba, balle a jiƙaƙƙiyar ciyawa."

"Ka ji likita," in ji Arlen. "Ko shi ma ba ka yarda da shi ba yanzu?"

"Arlen."

"Ka ɗauke ni, ko ka faɗa a gaban kowa cewa ba ni na riƙe maka ƙarfe ba."

Norbert ya dube shi. Sannan ya ninke singiletin, ya ajiye a kan teburi. "Kawo jarka," ya ce.

Wendell ne ya kawo. Shi ya durƙusa ƙarƙashin fiffike ya tara, man na tsiyaya, yana ƙirgawa a fili. Har ya miƙo wa Arlen nasa abin kunne na magana a cikin jirgi, sabo fil, wai ya fi toshe ƙara. Arlen ya ce yana da nasa.

Ya shiga da ƙyar. Kafaɗarsa ta danne ta Norbert. Da aka rufe murfin gilashi sai zafi ya taso. Cikin jirgin na warin fenti da sabuwar fata, kuma duk inda ya kai ido sai layin ƙusoshi, kowace ya san ranar da aka buga ta. Farfela ta juya, inji ya kama. Mutane suka taso daga teburi suka jeru a jikin shinge.

Tun a hanyar zuwa ƙarshen fili Arlen ya ji abin. Tayoyin na nutsewa. Sai da Norbert ya ƙara wuta fiye da kima kafin jirgin ya yarda ya gangara, kuma wutsiyarsa na jan laka.

Suka juya suka fuskanci filin. Ƙyallen da ke nuna iska ya lanƙwashe a jikin sandarsa. Can gaba masara, bayan masara dogayen itatuwa, bayan itatuwa wayar lantarki. Shekara talatin Arlen na tashi daga nan. Shi ya fara samun lasisi, shi ya zaunar da Norbert ya koya masa cewa lissafin takarda na busasshiyar ciyawa ne da safiya mai sanyi. Ya auna nisan da ido. Ya sake aunawa. Wataƙila su haye da tazarar ƙafa ashirin. Wataƙila goma.

Ya waiga wajen shinge. Bernice ta rungume hannuwa a ƙirji. Kusa da ita Wendell, jarkar mai a gefen ƙafarsa, abin kunnen rataye a wuyansa. In Arlen ya sauka yanzu, minti biyar ya isa a mayar da galan ukun. Kujerar ba za ta ko huce ba. Zai tsaya a jikin shingen nan ba takalmi, yana kallon jirgin na ɗagawa kamar gashin tsuntsu, ana tafi.

Norbert ya gwada inji, ya duba alluran agogunan jirgin ɗaya bayan ɗaya. Ya goge tafin hannunsa a gwiwa. Ƙafafunsa na kan birki, jirgin na rawa a ƙarƙashinsu. Muryarsa ta shigo ta abin kunne, ba fushi a cikinta.

"Duk abin da ka ce shi zan yi. Ka fi ni sanin filin nan, Arlen. In saki birkin?"