Inna Tamada a Bayan Keke

A shekarar farin nan ta tamanin da huɗu, lokacin da komai namu sai an dangana da Sakkwato, ruwan tafkin Kainji ya ja baya yadda ba a taɓa gani ba. Masunta suka kawo labari sabuwar Tungar Baushe cewa tsohuwar ta fito fili, ruwa ya sake ta, har Fulani sun fara kora shanu ciki.

Wadda labarin ya fi shiga jikinta ita ce Inna Tamada. Tun ranar da aka datse kogin Kwara, aka kwashe su a motocin gwamnati aka zube su a gidajen simintin nan masu zafi kamar tanda, ba ta sake ganin inda mijinta Hammadu yake kwance ba. Damina ɗaya ta rage a tashi Allah ya karɓi abinsa. Ita kuwa Inna mace ce mai kafiya, in ta ce a'a sai dai ka gaji ka bari. Ta rantse ba za ta taɓa shiga jirgi a kan tafkin ba, domin a ganinta duk wanda ya ratsa ruwan nan ta kan mamata ya bi. An yi mata nasiha, an yi mata dariya, liman ma ya ce ruwa ba ƙafa ba ne. Ta ce ta ji. Ko bikin 'yar ƙanwarta da aka yi a tsallake ba ta je ba.

Ɗanta Sahabi fataucin banda yake yi. Yana bin masunta bakin ruwa da kekensa, ya sayi kifi ya ɗaure a kwando, ya kai kasuwar Yelwa. Da ruwa ya janye masunta suka bi shi, masu keke su ma suka bi masunta, har suka fitar da wata siririyar hanya tasu wadda mota ba ta isa ta shiga ba. Hanyar ta gefen tsohuwar tungar ta wuce.

Inna ta tare shi yana hura taya. Ta ce, "Sahabi, kai ni wurin ubanka."

"Inna, hanyag ga ba ta tsohi ba ce. Duwatsu na da kwazazzabai. Ki bari in yi magana da masu jirgi, su aje ki kusa."

"Jirgi? Ni za ka hwaɗa ma jirgi? Ba shiga zan yi ba, ɗan nan, mace ba ta shiga kushewa. In tsaya daga gehe in yi mai sallama, shi ke nan. In ruwan ga ya komo, ni da ganin wurin sai lahira."

Gaskiyarta. Damina ta soma sauka can saman kogi, kowa ya san ruwan ba zai daɗe bai dawo ba. Sahabi ya yi ta kwana-kwana, yau kasuwa, gobe sarƙa ta tsinke, ita kuma ta daina cin tuwon kirki. Ranar da ya tarar ta sa zanenta na Sallah tana zaune bakin ƙofa tun da hantsi, sai ya kwance kwandon kifi, ya ɗaure matashi a kan kariyar bayan keken, ya ɗaga ta ya ɗora. Ba ta kai nauyin kwandon ba, kuma wannan ya sosa masa rai.

Suka bar titin Ngaski a baya suka kama hanyar daji. Tsakuwa tana tsalle daga ƙarƙashin taya, keken yana ƙara a kowane rami. Inna ta damƙi rigarsa da hannu biyu, bakinta bai huta ba.

"Kai, a hankali! Haƙoran da sun ka rage min za ka zubar?"

"Guda nawa na, Inna?"

"Sun ishe ni cizonka."

Ya yi dariya, ita ma ya ji tana yi a bayansa. Rabonsa da jin dariyarta har ya manta.

Inda hanya ta gangara cikin kwazazzabo ya sauka ya riƙe birki, yana tura keken tana kai. Ganuwar jar ƙasa ta tsaya musu dama da hagu, tsuntsaye sun huda ta gida-gida. A hawa kuwa sai da ya sa ƙirji a kan ƙaho, gumi yana shiga masa ido. Suka huta a inuwar wata ƙirya, ta kwance gefen zane ta ba shi ƙuli-ƙuli. Tana ta nuna masa wurare: can ne suke zuwa itace, can kura ta taɓa ɗauke akuyar kakarsa. Shi dai yana cewa to. Yana ƙarami aka tashi, abin da ya rage masa na tsohon gari bai wuce ƙamshin albasa a fadama da hayaniyar ranar kwasar kaya ba.

Da suka hau tudu na ƙarshe sai ga tafkin can nesa yana ƙyalli, tsakaninsu da shi wani makeken fili mai ruwan toka. Ƙasa duk ta tsattsage, ga kututturan itatuwa tsaye baƙaƙe, tsofaffin taru sun maƙale musu. Wari irin na laka da ruɓaɓɓen kifi ya tare su. Babu gida ko ɗaya, sai ƙananan tuddai can gaba inda katangu suka narke.

Sahabi ya nuna da haɓa. "Ga garin can, Inna. Sauran kaɗan."

Farkon filin wahala ne. Bushewar ta sama ce kawai, ƙarƙashi laka ce mai riƙe taya, sai da ya yi ta kewaye-kewaye yana bin sawun waɗanda suka riga shi. Daga nan hanya ta hau wata 'yar jigawa mai tauri, shimfiɗaɗɗiya, tayoyi sun goge ta har tana sheƙi. Nan masu keke suke fanshe wahalarsu. Sahabi ya miƙe a kan feda, iska ta cika masa riga.

"Kin ji daɗin wurin ga? Duk hanyar babu kama tai. Mu nan mu ka sakin birki."

Sai ya ji hannunta ya saki rigarsa ya koma dukan bayansa.

"Tsaya. Sahabi, tsaya!"

Ya ja birki ya kafa ƙafa. Idonta yana kan wani faffaɗan dutse da ke hagunsu, mai ramuka a kai irin waɗanda niƙa ke bari.

"Dutcin ga," in ji ta. "Bisa shi nit tsaya ranar da an ka kawo ubanka. Nan mata ka tsayawa. Daga nan kushewa ta hwara, ta yi gabas."

Sahabi ya dubi dutsen, ya dubi rana. Sun baro dutsen a yamma. Ya dubi ƙasa. A gefen sawun taya akwai wani abu da ya sha gani bai taɓa kulawa ba, bakin fasasshiyar tukunya ya leƙo daga cikin ƙasa. Gaba kaɗan ga wani, ga kuma wani. Mutanen da suka zaɓi wurin nan sun nemi ƙasar da ba ta nutsewa ne don su ajiye nasu, masu keke ma ita suka nema. Tsakiyar maƙabarta suke tsaye.

Ya yi sauri ya tuɓe takalmansa, sai kuma ya rasa inda zai ajiye su, ya rataye a ƙahon keke. Inna ta miƙo ƙafa za ta sauka, ta mayar. Ta gwada ɗaya gefen, ta mayar. Ta naɗe ƙafafunta a jikin kariya ta zauna a takure, ita da ta ƙi jirgi shekara da shekaru don kada ta bi ta kansu.

"Wane na nashi, Inna?"

Ta duba dama, ta duba hagu. Laka ta shafe komai ya zama ɗaya. Ta daɗe tana dubawa, leɓenta yana motsi, kamar mai neman fuskar da ta sani a cikin kasuwa.

"Ban sani ba," ta ce. "Wallahi ban sani ba."

Kuka ya zo mata, ba mai ƙara ba. Sahabi ya riƙe keken da ƙarfi don kada ya karkata, shi ma hawaye yana zubo masa, ba hannun sharewa. Can baya aka kaɗa ƙararrawa. Wani mai banda ne, Basiru, ya taho da kaya niƙi-niƙi. Ya ratse su ta gefe yana cewa, "Sannunku da hutawa, Inna!" Ya wuce a guje, ƙura ta bi shi.

Inna ta share fuska da gefen mayafi. Ta ɗaga murya kaɗan, ba ta fuskanci ko'ina ba.

"Salamu alaikum, Malam. Ni ta, Tamada. Na zo. Ka yi haƙuri da yadda niz zo."

Ta yi addu'arta ta shafa. Sannan ta dafa bayan ɗanta, inda ta doka ɗazu.

"Tun yaushe ka ka bin nan?"

"Tun da ruwa ya janye."

"Kullum?"

"Duk ranar kasuwa, Inna. Zuwa da komowa."

Ta jinjina kai a hankali.

"To," ta ce, "ashe ka hi ni zuwa wurin ubanka."