Ɓawon Jar Albasa

Mai albasa ya ɗaure bakin buhun, ya zauna jiran Auta. Tun safe yake ɓara, ja, manya-manya, har idonsa ya yi ruwa.

Ya ji abin da ta ce a waya sarai: ɓawo take so, buhu guda. Amma 'yarsa ba za ta shiga gaban manyan likitoci ɗauke da shara ba. Shi ya sa ya zaɓo masu kyau, ya ɓare su tas.

Motar wurin aikinsu ta tsaya a bakin kasuwa. Auta ta durƙusa ta gaishe shi, ta kwance buhun. Ta daɗe tana kallo.

"Baba, ina ɓawon?"

"Ga albasa kina cigiyar ɓawo?"

Ta ciro wata 'yar kwalba daga jaka. Gari ne rawaya a ciki, bai cika cokali ba.

"Wannan muke cirowa. Muna gwada shi a kan ƙwayoyin jiki, mu ga ko zai hana su lalacewa. A busasshen ɓawo ya fi yawa. Ƙarfe biyu za a ba ni na'urar gwaji, Baba. In na rasa yau, sai bayan wata uku."

Mai tumatir na kusa da shi ya tuntsire da dariya. "Shekara talatin kana zubar da kaya kana sayar da saura, tsoho!"

Mai albasa ya sunkuya. Ya leƙa ƙarƙashin teburinsa. Fes. Mai shara ta riga ta wuce.

Rabonsa da gudu ya manta. Ya ratsa layin masu kifi, takalmi ɗaya ya fita, bai waiwaya ba. A ƙofar baya ya cim mata, tana tura baro.

"Baiwar Allah, ɓawona!"

"Naka? Ai ka ce in kwashe." Ta nuna wani buhu da ke rataye a hannun baron. "Allah ya so ka, na ware shi don takin lambuna. Wane ne ba lafiya?"

"Ba kowa. Bincike za a yi."

"Da wannan?"

"Da shi."

Shi da kansa ya ɗauko a ka. Babu nauyi, sai ƙara kamar takarda. Auta ta tura hannu har gwiwa, ta sansana, ta yi murmushi.

"A bushe yake. Ya yi, Baba."

Direba ya buɗe bayan mota. Mai albasa ya girgiza kai.

"A kujera za a sa shi."

Bayan sun tafi ya koma rumfa da takalmi ɗaya. Ga buhun ɓararriyar albasa, wadda ba za ta kai jibi ba. Ya zuba ta a faranti yana 'yar waƙa.

Da yamma mai shara ta dawo da tsintsiyarta. Ya sa ƙafa ya tare ƙarƙashin teburin.

"Bar nan," ya ce. "Kayan aiki ne."