Hanyar Gidan Malam Kuwabara

"Lokaci ya ƙare," in ji allon. Muryar mace ce, mai sanyi, wadda ba ta taɓa fushi. "Maki sifili. A sake gwadawa."

Malam Kuwabara ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya dafa tebur ya jira ya lafa, sannan ya nuna allon da haɓa.

"Kin ga matar nan? Ko surukata ba ta kai ta gaggawa ba. Ita kuwa surukata, kana tsakiyar cin abinci take ɗauke kwano."

Ban yi dariya ba. Ina durƙushe a tabarmar ɗakinsa, ƙafafuna sun mutu, ina murza bakin rigata. Tambayar ba ta da wuya. Ita yake yi wa duk baƙon da ya zo koyon Japananci wurinsa: daga tashar jirgi, ta ina mutum zai bi ya zo gidanku? Na san amsar. A cikin kaina tana nan a jere. Amma kafin ta sauko bakina, matar cikin allon ta riga ta rufe ƙofa.

Wata malamar jami'a, Dakta Segawa, ita ta aiko masa da kwamfutar nan mai kama da allo. Bincike take yi, ko na'ura za ta iya auna maganar mai koyo kamar yadda malami ke aunawa. Ta rarraba wa tsofaffi irin Malam, masu koyar da baƙi kyauta a zauren unguwa. Na'ura ta ba da makinta, malami ya ba da nasa, a gwama. Malam ya karɓa, amma bai ajiye tsohuwar rakodarsa ba, 'yar baƙa da ke zama a aljihun rigar sanyinsa. Kowane ɗalibi sau biyu yake ɗaukar muryarsa a kan wannan tambayar: ranar da ya fara zuwa, da ranar da bakinsa ya buɗe. Ya yi wa Dakta Segawa alkawari zai ba ta duka in ta zo ƙarshen kaka.

Na kowa ya cika. 'Yan matan masana'antar kifi sun yi, masu aikin gini sun yi. Har mijina Hemanta, wanda ke zuba Japananci kamar rediyo, rabi daidai rabi ƙage. Saura ni. Firamare kawai na yi a ƙauyenmu a Nepal, ita ma ban gama ba. A shagon abincin da Hemanta ke girki, aikina kwaɓa fulawa da wanke-wanke a baya, inda ba mai tambayata komai.

"Me ya sa kullum hanya, Malam?" Hemanta ya taɓa tambayarsa. "Ku tambaye ta albasa mana, za ku sha labari."

"Lungunan nan ba su da suna," in ji Malam. "Lambar gidana da ta gidanku ma ba sa bin juna, ga shi bango ɗaya muke. Ranar da wuta ta kama, albasa za ta kwatanta wa 'yan kwana-kwana?"

Ran nan da allon ya sake ba ni sifili, Malam ya kife shi a kan tebur kamar an kife faranti.

"Likita ya ce in je in kwanta a wurinsu," ya ce. "Na ce masa ina da ɗaliba ɗaya da ba ta gama ba."

Na ɗago na dube shi. Wuyansa ya rame har rigar ta yi masa yawa.

"Wasa nake, Kopila-san. Sha shayinki."

Ban sha ba. Tun daga ranar zama ya gagare ni.

Bangonmu siriri ne, duk tarin da ya yi sai na ji. In ya yi tari in tashi, in ya yi shiru in tashi. Na goge tagar da na goge jiya. Na kwance kayan sanyi na sake ninkewa. A shago sai in tsinci kaina ina yi wa tukwane kwatance a hankali, har kwaɓin ya bushe a hannuna.

"Ke, da wa kike magana?" in ji Hemanta.

"Ba kowa."

"Tukunya kam ta iso gidanmu tuni. Ki je ki faɗa wa tsohon nan mana, ai ba cizo yake ba. Haƙoran ma a kofi suke kwana."

In an tashi hutun rana ba na komawa gida. Sai in gangara tasha in taho da ƙafa, ina kiran sunan kowane abu a ƙasan maƙogwaro. In iso ƙofarmu, in juya in sake komawa. Mai shagon awara har ya fara leƙowa yana tambaya ko wani abu na yar. In sunkuyar da kai in wuce.

Na kan dafa masa romon wake marar yaji, in ajiye a dokin ƙofarsa, in danna ƙararrawa in gudu. Wata rana ya kama ni kafin in shige.

"Kopila-san," ya kira ta taga, muryarsa kamar ana jan buhu a ƙasa. "Romon nan yana da daɗi, amma na yi masa tambayar bai amsa ba."

"Gobe, Malam."

"To, gobe."

Ya daina zuwa zauren unguwa. Ina jin sa ta bango in 'yarsa Fumiye ta bugo daga garin Sendai. "Lafiyata ƙalau. Sanyi ne kawai. A'a, kada ki zo, aikinki fa?" In ya ajiye wayar sai ya daɗe yana haki.

Duk ranar da ake kwashe sharar da za a ƙona, shi ke fara fitowa ya shimfiɗa ragar da ake rufe ledoji da ita, ya tsaya yana duba wanda ya cusa gwangwani inda bai dace ba. Da safen nan na fito da ledata na tarar da ragar a naɗe, hankaki sun farke ledoji, ƙashin kifi ko'ina a titi. Na waiga. Marufin tagoginsa na katako a rufe, rana kuwa ta riga ta hau bangon. Hemanta ya tafi kasuwar kayan miya.

Na danna ƙararrawa. Na zaga ta lambu, na dawo, na sake dannawa. Sai na tura ƙofar lambun, wadda ba ya kullewa, na shiga da takalmina, abin da ban taɓa yi ba a gidan kowa a ƙasar nan.

Yana kwance a ƙasa kusa da murhu, buta a gefensa, ruwa ya jiƙa hannun rigarsa. Yana numfashi, amma leɓunansa sun yi shuɗi.

Na ciro wayata na buga lambar gaggawa.

"Gobara ce ko rashin lafiya?" in ji wani namiji.

Ina jiran in ji an ce lokaci ya ƙare.

"Ina jin ki," ya ce. "Ki yi a hankali. Gobara ko rashin lafiya?"

"Rashin lafiya. Tsoho ne. Malamina. Ya faɗi."

"Ina ganin unguwar a nan, amma lungunan bayan tasha da yawa. Kwatanta mini."

Na dubi Malam. Idonsa a rufe, ƙirjinsa na hawa da sauka da ƙyar.

"Daga tasha," na ce, "ku bi hagu ta shagon awara. Ku wuce injin sayar da lemo. Za ku ga tsohon gidan wanka mai dogon bututun hayaƙi, an rufe shi. Nan mota za ta tsaya, ba ta shiga. Ku hau matakala. Akwai bishiyar kaki, mai 'ya'ya kamar tumatir, da ta leƙo ta kan katanga. Ƙofar da ke ƙarƙashinta."

"Na gane. Suna hanya. Ki juya shi ta gefe, kada ki kashe wayar."

Sun zo da gadon ɗauka, suna haki a matakalar. Ba su tsaya tambayar kowa ba.

Fumiye ta iso asibiti da yamma, da jakar ofis a kafaɗa. Ban taɓa ganinta ba sai a hoto. Ta sunkuya mini ƙasa sosai har na rasa inda zan sa kaina. Na yi ta kai da komo a baranda tsakanin kujeru da taga, sai da ta fito ta ce, "Baba yana kiran ki."

An ɗaura masa abin shaƙar iska. Ya janye shi da yatsa ɗaya.

"Wa ya kira su?"

"Ni, Malam."

"Ke? Ba Hemanta ba?"

"Yana kasuwa."

"Shi da ya kai su gidan mai aski." Ya lumshe ido. "Fumiye, ba ni rakodata."

"Baba, tana gida. Gobe in kawo."

"Kullum gobe. Ku mata biyun nan kun haɗa baki ne?" Ya juyo da kai wajena. "To ba komai. Me kika ce musu?"

Na tsaya a gefen gadon, hannuna a kan ƙarfen, na faɗa masa tun daga tasha. Na yi tuntuɓe a wajen bututun hayaƙi, kalmar ta ɓace mini. Bai taimake ni ba. Ya yi shiru yana jira har ta dawo da kanta, na kai shi bishiyar kaki.

"Injin lemon nan," ya ce a hankali, "ja ne ko fari? Akwai biyu."

"Ja."

"Sai ki riƙa faɗa." Ya yi murmushi da gefen baki. "Waccan matar ta cikin allo nawa take ba ki?"

"Sifili."

"Ki gaishe ta."

Fumiye ta mayar masa da abin iskar. Bai ƙara magana da ni ba. Washegari da hantsi, tana cikin motar haya da rakodar a jakarta, asibiti suka kira ta, ya cika.

Da aka kawo shi gida aka kwantar da shi a ɗakin da muke karatu, kansa wajen arewa, kamar yadda ake yi wa mamaci a nan. Fumiye ta tsoma auduga a ruwa ta jiƙa masa leɓe, sannan ta miƙo mini.

"Ni ba dangi ba ce," na ce.

"Ki yi. Ya fi ganinki a kaina."

Na jiƙa masa. Shuɗin nan ya tafi, bakinsa a rufe kamar yana sauraren wani.

Ta so ta sa masa rakodar a akwati, amma masu shirya gawa suka ce ƙarfe ba ya shiga wutar da ake ƙona gawa. Sai ta sa masa rigar sanyin kawai, aljihunta babu komai.

Dakta Segawa ta zo bayan an gama zaman makoki. Na zaci babbar mace ce, ashe ba ta girme ni da yawa ba. Ta ƙona turare gaban hotonsa, ta daɗe a sunkuye. Sannan ta zauna da kwamfutarta tana kwashe muryoyin, ni ina taya Fumiye ɗaure littattafai da igiya. Muryoyin mutane na tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa da hanyarsa, wani ta gada, wani ta bakin teku. Muryar Hemanta ta cika ɗakin da surutu har Fumiye ta yi dariya tana share ido.

"Akwai wata a nan da ba ta da ta biyu," in ji Dakta Segawa. "Ta farkon ma kamar ta lalace. Tambaya ce kawai, sai shiru mai tsawo."

"Ba ta lalace ba," na ce. "Tawa ce."

Ta dube ni, ta dubi layin da ke tafiya a kwamfutar, ba tudu ba kwari.

"Duk wannan jira ya yi?"

"Haka yake yi."

Ta rubuta wani abu a gefe. Sannan ta turo mini rakodar a kan tabarma da hannu biyu. "Ki riƙe. In kin so ki yi ta biyun ki aiko mini. Ba gaggawa."

Suka fita raka juna tasha, suka bar ni da ɗakin. An kwashe tebur, sai sawun ƙafafunsa huɗu a tabarma. Na tashi na buɗe marufin tagar, na dawo, na sake tashi na gyara igiyar wani ɗauri. Da na rasa abin taɓawa sai na durƙusa inda na saba, na danna.

"Sannu da zuwa, Kopila-san," in ji Malam, da muryarsa ta da, cikakkiya. "Daga tashar jirgi, ta ina mutum zai bi ya zo gidanku?"

Sai shiru. A can ciki buta na fara tafasa. Ana jin numfashin mutum biyu, ɗaya na sauri, ɗaya a kwance. Cokali ya taɓa kofi.

"Daga tasha," na ce, "ku bi hagu ta shagon awara. Ku wuce injin lemo, ja ɗin."

A waje wani kaki nunanne ya faɗo kan matakala. Butar na ci gaba da tafasa, Malam yana jira.