Gurbin Luba

Tun da kalmar "gwaji" ta fito daga bakin likitar, Gwadabe ya daina jin sauran bayanin sosai. Yana zaune da hularsa a kan gwiwa, matarsa Luba na gefensa ta dafe ƙirjinta ta ƙarƙashin mayafi, inda ciwon daji ya riga ya yi nisa.

"Baba, ka fahimce ni," in ji Dakta Sa'ida. "Maganin da muke ba ta ya daina aiki. Akwai wani sabo da ake gwadawa ga masu ciwon dajin mama. Bai shigo kasuwa ba, kuma ba zan ce maka lallai zai warkar da ita ba. Mutane kaɗan za a ɗauka, amma na riƙe mata gurbi. Duk ranar da ta ga ba za ta iya ba, tana da damar fita."

"A kan mutum za a gwada?"

"A kan wanda ya yarda, Baba."

Gwadabe ya sa hularsa ya miƙe. Ba likitar yake gani ba. Abin da yake gani shi ne shekarar annobar sanƙarau, zamanin soja, ranar da ya saɓa 'yarsu Hasana a kafaɗa wuyanta a sandare. Wasu baƙi masu fararen riguna suka karɓe ta, suka ba ta magani, ba wanda ya tambaye shi ko sunansa. Hasana ta rayu, amma ba ta ƙara jin kiran uwarta ba. Daga baya ya ji ana cewa an yi gwaji a kan wasu yara. Ko tana cikinsu, ko ciwon ne ya tafi da kunnenta, bai sani ba. Soja sun koma bariki, hotunan 'yan siyasa sun cika bangon unguwa, amma ba wanda ya zo ya faɗa masa.

* * *

Da suka dawo gida Dukawuya, Luba ta bari sai da ya ci abinci.

"Malam, wannan fa ta tambaye mu. Waɗancan ba su tambaye mu ba."

"Ba za a sake gwaji a gidana ba, Luba."

"Jikina ne ke ruɓewa, Malam."

"Na ce a'a."

Tun a asibiti likitar ta gaya wa Luba cewa yardarta kaɗai ta isa. Amma Luba ba ta taɓa ƙetare zaure ba da izininsa ba, ba kuma yanzu za ta fara ba.

Gwadabe bai zauna ba. Ya rufe rumfarsa ta dukanci ya bi shawarar abokai zuwa Ƙofar Dawanau, wurin wani mai magani da ke shela da lasifika cewa daji kowane iri ne ba ya gagarar sa. Ya dawo da baƙin ruwa a jarka da wani ƙulli na shafawa. Ruwan yana sa ta amai har ta galabaita. Na shafawar kuwa ya ƙone fatar, wurin ya buɗe, ɗakin ya ɗauki warin da turaren wuta ya kasa rufewa. Mai maganin ya ce cutar ce ke fita.

Wata safiya Luba ta ɗago idanunta da suka koma ruwan ɗorawa.

"Malam, shi wannan, a kan wa ya gwada nasa?"

Hasana, wadda ta zama budurwa, tana karanta leɓensu daga bakin ƙofa. Ta je ta ɗauko takalmansa ta ajiye a gabansa, ta nuna uwarta, ta nuna hanya.

* * *

Dakta Sa'ida ta daɗe tana duban sakamakon jinin kafin ta yi magana.

"Hantarta ta taɓu, Baba. Ko da gurbin yana nan, jikinta ba zai ɗauki maganin ba yanzu. Kuma an ba wata."

"Na yarda yanzu, Dakta. Wallahi na yarda."

Luba ce ta taɓa hannunsa. "Mu je gida, Malam. Na gaji."

Ta rasu gab da azumi. Bayan an watse daga zaman makoki, Gwadabe ya koma rumfa, amma sai ya riƙe wuƙa da fata ya zauna har azahar bai yanka komai ba. Wani lokaci ya juya da sauri, kamar an kira shi daga cikin gida.

Ran nan wata mata ta yi sallama a zaure, ramammiya, tana numfashi da ƙyar. Ta ce sunanta Dije, tare suke bin layi da marigayiya a asibiti, sai jiya ta ji rasuwar.

"Ni aka ba gurbinta," ta ce, kanta a ƙasa. "Allah ya jiƙanta, Malam."

"Amin." Ya dube ta. "Malama, maganin... ya yi miki aiki?"

"Wata rana in ji ƙarfi, wata rana ko ruwa ba na iya sha. Likita ta ce ba a sani ba tukuna."

Ta yi addu'a ta tashi. Gwadabe ya fito ƙofar gida yana kallon bayanta a cikin lungu. Ta yi 'yar tafiya, ta dafa bango ta huta, ta sake ɗagawa. Ya zura ido yana neman alamar mai warkewa ko ta mai barin duniya, bai gane ba. Ya ɗaga hannuwansa zai yi mata addu'a, sai ya ji tsoron abin da zuciyarsa ke son roƙa. In ta warke, to shi ne ya hana Luba maganin da zai tashe ta. Hannuwan suka tsaya a buɗe, babu komai a bakinsa, har ta sha kwana.