Sule Goma Sha Biyun Dada

Kwana tara ke nan keken ɗinkin Namadi yana ɗaure da igiya a kusurwar zauren Ɗangiwa, har wata kazar gidan ta mai da shi wurin hutawarta. Kullum da safe sai ya kore ta, ya goge kan keken da tsumma, ya koma tabarma ya zauna yana jiran mai gidan ya fito.

Namadi tela ne, mutumin Kebbe. A can mutum sai ya shekara da riga guda, in ta yage ya kawo faci, ladan ma sai bayan kaka. Tambuwal kuwa hanyar mota ta ratsa ta, ga bikin mulkin kai saura wata guda, kowa yana son sabuwar riga. Shi ya sa ya roƙi wani mai jaki ya ɗauko masa keken, suka yi yini biyu a hanya. Mai jaki ya sauke shi a tasha, ya juya da abinsa.

Kuɗin da ya zo da su ba nasa ba ne. Na uwarsa ne, Dada, tsohuwar da idonta ya dushe amma yatsunta ba su daina kaɗi ba. Shekara uku tana kaɗa zare tana sayarwa, tana jefa kwabo da sisi a wani ɗan tulu, har suka kai sule goma sha biyu, kuɗin yadi goma sha biyu na farin alawayyo. Likkafaninta ke nan. Dada ba ta tsoron mutuwa ko kaɗan. Abin da take tsoro shi ne a tsaya a kan gawarta ana karo-karo. Ranar da zai taso ta juye masa su a tafin hannu, ta ce, "Aro na ba ka, ba kyauta ba. In ka kama ɗaki ka soma aiki, ka sawo min farin ƙyallena. Da gumina nika so a rufe ni."

A tashar ya gamu da Ɗangiwa, dillali, ƙaton mutum mai zaƙin baki, wanda yake dillancin gida da gona da jaki da duk abin da za a iya nunawa da yatsa. Shi ya kai shi ya ga shagon Malam Attahiru, mai ƙofar kwano, yana kallon hanyar mota. Namadi ya leƙa ta tsagar ƙofa, a ransa har ya ga inda zai kafa keke da inda zai rataya riguna. Ɗangiwa ya ce haya sai ƙarshen wata, amma la'ada da goron gaisuwa yanzu ake ba da su, sule goma sha biyu. Namadi ya ƙirga ya ba shi. Yadda aka yi ya san iyakar abin da ke cikin lalitar yaron mutane, Allah kaɗai ya sani.

Washegari suka je gaban mai shagon. Malam Attahiru malami ne, manyan mutane yake karantarwa a zauren da ke jikin shagon. Ya saurare su har suka gama, sannan ya rufe littafinsa.

"Tela?" in ji shi. "Keke shina ƙara, samari su cika min ƙofa da hira, ni kuwa ina karatu bango guda? A'a. Mai ajiyar hatsi na ce a samo min, Ɗangiwa, kuma ka sani." Ya dubi Namadi da tausayi. "Ka yi haƙuri, ɗana. Ni dai ban karɓi ko aninin kowa ba."

Da suka fito, kafin Namadi ya haɗa kalmomin da zai nemi kuɗinsa da su, Ɗangiwa ya kama hannunsa ya ce, "Baƙona, ba ka kwana tasha ina raye." Ya kai shi zaurensa, aka shimfiɗa tabarma, aka fito da tuwon dawa da miyar kuka tana tururi. A nan Namadi ya yi kuskuren da ya fi ba da kuɗin muni. Ya wanke hannu ya ci.

To, tun daga ranar bakinsa ya yi nauyi. Kowace safiya Ɗangiwa zai fito da fara'a, ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi baƙunta da sauro, kafin a gama gaisuwa an dire ƙwaryar fura. Don Allah, wa zai iya cewa "kuɗina" da ludayin mutum a hannunsa? Sai a rana ta tara, bayan ya kori kazar nan, ya ƙi taɓa furar, ya sunkuyar da kai ya ce, "Maigida, batun kuɗin nan ne. Tun da ɗakin bai samu ba."

"La'ada?" Ɗangiwa ya yi dariya har tumbinsa yana rawa. "Haba Tela! La'ada ai ba ta kwana. Ran da ka ba ni aka rabe ta. Sarkin Dillalai ya ɗauki nashi, waɗanda suka shaida sun ɗauki nasu, goron ma kai da kanka ka ci ɗaya. Amma ɗaki, ko bango zan tsaga in samo maka. Kafin nan kwance keken ga, kar shi yi tsatsa. Ga 'yan rigunan iyali."

Namadi ya kwance keke. Ya ɗinka rigunan iyali. Maƙwabta suka ji ƙara suka leƙo, aiki ya fara zuwa, har ya ɗan ji sanyi a ransa. Sai dai a garin nan akwai al'ada: baƙo ba ya karɓar kuɗin ciniki da hannunsa. Mai masauki ake ba, ya ajiye, ranar tafiya a yi lissafi. Haka ake yi wa fataken shanu da na goro, haka aka yi wa Namadi. Yana ji yana gani mai riga zai yaba ɗinki, ya juya ya zuba kuɗi a hannun Ɗangiwa.

"Suna nan, ba mai taɓa su," haka yake cewa kullum. "Ran da za ka tafi."

Tafiya kuwa sai da jakin da zai ɗauki keke, jaki sai da kuɗi, kuɗi kuma sai ranar tafiya. Namadi ya juya wannan magana a kansa har ya gaji. Zauren ba shi da ƙyaure, labulen asabari ne kawai a ƙofar, amma ya kasa wuce shi.

Wata ranar kasuwa sai ga Arzika, maƙwabcinsu na Kebbe, ya kawo barkono. Ya leƙo zauren, ya ga tarin riguna.

"Ashe ka samu wuri. Mu can muna cewa ko lafiya." Ya rage murya. "Jikin Dada ya yi nauyi, Namadi. Kwana fuɗu ba ta taɓa mazari ba. Ta ce in gaya maka, ba kai taka tambaya ba, farin ƙyallenta taka tambaya."

Wannan magana ta soke shi. Bai ko sa hula ba ya fita, ya nufi gindin ɗorawar da dillalai suke zama a bakin kasuwa. A gaban kowa ya tsaya, ya ce shi ba ya son ɗaki, ba ya son kuɗin ɗinki ma, sule goma sha biyun da ya bayar kawai yake so, na likkafanin uwarsa ne.

Ɗangiwa bai yi faɗa ba, ina ma ya yi. Sai ya dafa ƙirji kamar an mare shi, ya ce a hankali, "Kwana ashirin da ɗaya tuwon gidana yaka ci. Ban taɓa ce mishi kwabo ba. Yau ni yaka tona wa asiri cikin kasuwa."

Idanu suka juyo kan Namadi, kuma ba idanun tausayi ba ne. Wani ya yi tsaki. Kunya ta rufe shi, shi da aka ci wa kuɗi, har ya ji kamar shi ne ɓarawon. Ɗanmaliki, Sarkin Dillalai, tsoho mai jan gemu, wanda shi ma da rabonsa a cikin la'adar, ya gyara zama ya yanke magana. Ya ce gaskiya ne ciniki bai faɗa ba, don haka kuɗi suna komawa. Amma baƙo ba ya tsare mai masaukinsa kamar ɗan doka. A bari a gama biki, hankali ya kwanta, Ɗangiwa ya tattaro ya ba shi. Kowa ya ce madalla da wannan adalci. Namadi ma, Allah sarki, sai da ya durƙusa ya yi godiya.

Bayan kwana biyu aka sauke bandir uku na yadi a zauren, biyu kore, ɗaya fari. Ɗangiwa ya samo kwangilar ɗinka ƙananan tutoci da 'yan makaranta za su riƙe ranar biki. Yana ta murna yana gaya wa wanda ya kawo kayan, "Ai na ce muku ina da tela cikin gida." A nan Namadi ya gane ba za a taɓa samun ɗakin nan ba. Tuntuni an samo masa ɗaki, a cikinsa ma yake zaune.

Ya warware farin bandir ɗin, ya murza shi tsakanin yatsu. Alawayyo ne, mai kyau, irin wanda Dada take nufi. Kowa ya san ragowar ƙyalle ta tela ce, ba mai tambayarta. Sai dai ragowa ita ce abin da ya rage bayan an gama, shi kuwa tun kafin ya fara ya fitar da tasa. Ya auna taƙi guda daga gefe, ya bi da almakashi tun daga farkon bandir har ƙarshensa, ya naɗe ya tura ƙarƙashin tabarma. Tutocin suka fito da farinsu a ɗan rame, ba wanda ya kula. Da ya gama su, ya yanka dogon ƙyallen gida huɗu, ya jera, ya haɗa da ɗinki mafi ƙanƙanta da ya taɓa yi a rayuwarsa.

Ranar biki, gari ya tafi fili, ana kiɗa, yara suna kaɗa tutocinsa suna waƙa. Shi kuwa ya ɗaure keke da igiya ya bar shi a zauren, ya saɓa ƙunshinsa, ya bi hanyar Kebbe a ƙasa. Bai yi wa kowa sallama ba.

Ya tarar da Dada a kwance, ta rame ƙwarai, amma da hankalinta. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ɗora mata ƙunshin a cinya. Fuskarta ta yi haske. Ta warware, ta shinshina, ta fara bin ƙyallen da yatsu kamar yadda take bin zare. Yatsun suka tsaya a kan ɗinkin farko. Suka wuce, suka tsaya a na biyu.

"Hannunka ya yi kyau," ta ce. "Kantin Tambuwal da ɗinki a tsaka suka saida alawayyo yanzu?"

Ya kau da kai, ya dubi ƙasa.

"Da kuɗina ka saye shi?"

Ya yi niyyar cewa i. Tun daga hanya ya shirya. Amma ƙarya ga wadda take shirin shiga kabari ta fi ƙarfin bakinsa, sai ya ba ta labari duka, tun daga tsagar ƙofar kwano har zuwa almakashi. Ta saurara ba ta katse shi ba. Da ya gama ta ninke ƙyallen da kyau, gefe a kan gefe, ta tura masa.

"Kai, da kayan mutane zan tsaya gaban Ubangiji? Mai da musu abinsu."

"Dada, mutumin nan ba shi biya. Na sani."

"Shi biya." Ta lumshe ido, ta gyara kwanciya da ƙyar. "Ka koma ka ce mishi akwai wata tsohuwa Kebbe, ta gama komi nata, shi kaɗai taka jira. Ka ce mishi na gaji."

Kwana ɗaya ya yi. Da hantsin rana ta uku ya ɗaga asabarin zauren Ɗangiwa, ƙafafunsa duk sun kumbura. Kazar tana kan keke. A ƙofar gida wata tuta ta faɗi cikin taɓo, an tattake ta.

"Maraba da baƙona!" in ji Ɗangiwa, ya buɗe hannuwa. "Na ce musu ba gudu ya yi ba, ga kekenshi nan. Ina gajiya? Ina tsohuwa?" Idonsa ya sauka a kan ƙunshin. Ya ja gefen ya duba. "Af, ragowar farin ce? Kawo in ajiye maka, kar ta yi datti."

Ya karɓe, ya danna a hammata, ya leƙa cikin gida ya ɗaga murya a kawo wa Tela fura.

Namadi ya buɗe baki. Saƙon Dada yana nan a kan harshensa, kalma bayan kalma, yadda ta faɗa. Aka dire ƙwarya a gabansa. Ɗangiwa ya tsoma ludayi, ya miƙo masa da hannu biyu, yana murmushi, yana jira.